Wasiƙa Daga Aberdeen: Maganar Kulob ɗin Golf



'Yan uwa da abokan arziki, na gida da na waje, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kowa yana lafiya, ya aiki, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu? Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi da iska, su kuwa ba baƙi ba ne a garin nan. Yara suna gaida kowa da kowa.

Tun ranar da maiɗakina ta faɗa wa Yaya Babba a waya cewa na biya kuɗin shiga kulob, saƙonni suke ta shigowa. Goggo ta aiko a tambaye ni wai da girmana da furfurata me zan je yi a kulob, domin a saninta kulob wurin rawa ne da kiɗa. Kawu kuma da aka gyara masa aka ce ai ƙungiya ce, sai hankalinsa ya ƙara tashi, ya ce wace irin ƙungiya ce ake biyan kuɗi a shiga, kuma sai mutum biyu sun tsaya maka? To ku kwantar da hankalinku. Kulob ɗin wasan golf ne, wanda wasu gidajen rediyo suke kira ƙwallon lambu. Na ga gara in zauna in rubuto bayanin gaba ɗaya, domin na kusa shekara ina wannan zaɓe, kuma akwai magana a ƙarƙashinsa wadda ta shafi gida, da ya kamata ku ji daga bakina.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan shi ne ka bugi 'yar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza ba, da sanda mai kan ƙarfe, daga wani wuri har ta faɗa ramin da ke can nesa, wani lokaci mita 150, wani lokaci fiye da 450. Ramuka 18 ne, wanda ya gama da bugu mafi ƙanƙanta shi ya ci. Sanda 14 kawai aka yarda ka ɗauka a jaka. Kafin ka gama ka yi tafiyar kilomita 8 zuwa 10 a ƙafa, cikin awa huɗu ko kusa da haka. Mu Katsinawa da muka tashi muna kallon folo mun san handikaf, sai dai a folo duk wanda lambarsa ta fi girma shi ne gwani, a golf kuwa akasin haka ne. Rangwamen bugu ne ake ba mai rauni don ya iya karawa da gwani. A tsarin da aka shigo da shi nan Birtaniya a Nuwamban 2020, ana duba wasanninka 20 na baya, a ɗauki 8 mafi kyau a fitar da lambarka. Tawa 19 ce. Wato ni ba gwani ba ne, amma ba na jin kunyar fita da kowa.

A gida mun ɗauki golf wasan janar-janar masu ritaya ne da manyan 'yan kasuwa, kuma a can haka ne. A Sikotland abin ya sha bamban. A nan wasan ya samo asali, har a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo. A St Andrews ne a 1764 aka rage ramuka daga 22 zuwa 18, duniya ta bi. Ƙasar ba ta kai mutum miliyan 6 ba, amma filayen golf sun haura 550, kusan kowane ƙauye da nasa. Direban bas yana bugawa, mai gyaran famfo yana bugawa, tsohuwa mai shekara 80 tana bugawa. Hukumar gari ma tana da filayenta da kowa zai biya ya shiga. A ɗaya daga cikinsu, Hazlehead, na fara a 2019 bayan likita ya auna ni ya ce sukari ya fara leƙowa, ko in riƙa tafiya ko in fara shan magani. Tafiya haka kawai ba ta zauna mini, sai wani abokin aiki ya ba ni aron tsofaffin sandunansa. Daga baya na ji cewa Alister MacKenzie ne ya zana babban filin wurin, mutumin da ya zana Augusta a Amurka inda ake gasar Masters. Ka ji fa, da kuɗin da bai kai na cin abincin mutum biyu a gari ba.

To tunda ga filin hukuma mai araha, me ya kai ni neman kulob? Tun 2021 ma hukumar golf ta Sikotland ta fito da tsarin da mutum zai sami handikaf ta waya ba tare da ya zama mamba a ko'ina ba. Dalili na farko shi ne filayen hukuma ba su da tabbas yanzu, kuɗi ya yi wa ƙananan hukumomi ƙaranci. A Dundee, da ke kudu da mu, an rufe filin Camperdown a 2020, aka kuma rufe na Caird Park a 2025. Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, shi ne mutane. A filin hukuma yau ka fita da wannan, gobe da wancan, ku yi sallama a wurin ajiye motoci, shi ke nan. Shekarata 53. Babban yaro yana Glasgow, mai bi masa tana shirin tafiya jami'a, saura auta. Na ga yadda maza 'yan uwanmu suke tsufa a ƙasar nan: daga aiki sai gida, daga gida sai masallaci ranar Juma'a, sai waya a hannu ana bin labarin Najeriya har dare. Babu dakali, babu majalisar bayan la'asar, babu mai shayi. Abin da ya fi kama da majalisa a wurin mutanen nan shi ne kulob ɗin golf. Mutum huɗu ko takwas suna haɗuwa duk Asabar shekara talatin, sun san ciwon gwiwar juna, idan ba a ga ɗaya ba mako biyu sai a buga masa waya.

Manyan filayen da kuke gani a talabijin tun farko na ajiye su gefe. Royal Aberdeen tana nan a bakin teku arewa da gari, an kafa ta a 1780, tana cikin kulob mafi daɗewa a duniya. Su ne a 1783 suka fito da dokar cewa minti 5 kawai za ka yi kana neman ƙwallon da ta ɓace, dokar da ta zauna har 2019 da aka mayar da ita minti 3. Na je kallo a 2014 lokacin da Justin Rose ya ci gasar Scottish Open a can, na ga fili kamar an shimfiɗa darduma. Gaba kaɗan kuma akwai na Donald Trump a Menie, wanda ya buɗe a 2012, ya ƙara na biyu a 2025. Waɗannan wuraren zuwa ne sau ɗaya a ɗauki hoto. Mai handikaf 19 da ke da 'ya'ya a makaranta da 'yan uwa a gida, ya san tsawon bargonsa.

Sai na tsaya a kan guda uku. Ba zan ambaci sunayensu ba, domin garin ƙarami ne, kuma zan faɗi abin da na gani. Wani dattijo da muka yi aiki tare kafin ya yi ritaya ya ba ni shawarar da ta fi kowace amfani. Ya ce kada in je duba fili a watan Yuni, domin a Yuni ko bayan gidanka kyau yake yi. Ya ce in je a Janairu, bayan an kwana uku ana ruwa, in sa takalmin roba in taka. Gaskiyarsa. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare, kana iya tashi daga ofis ka buga ramuka 18 ka dawo da haske. A Disamba kuwa rana tana fitowa kusan ƙarfe 9 saura kwata, kafin 3 da rabi ta faɗi, hasken bai kai awa bakwai ba. Kuɗin shekara kake biya, saboda haka tambayar ita ce wata nawa filin yake buguwa. Amsar kuma a ƙasa take. Filin da ke kan laka, kamar fadamarmu, yana riƙe ruwa, daga Nuwamba zuwa Maris ko dai a rufe shi ko a ba ka 'yar tabarmar roba ka riƙa ɗora ƙwallo a kai. Filin da ke kan jigawar bakin teku, wanda suke kira linkis, yashi ne a ƙasan ciyawar, ana ruwa da safe da rana ka taka ba ka ɗauko taɓo ba. Manomin gero a Daura zai gane wannan bayani kafin in rufe baki.

Na farko shi ne wanda ido yake so. Dogayen itatuwa, gini mai hawa biyu, motocin da ke wajen ajiya kaɗai sun isa su faɗa maka su wane ne mambobi. Mutanen kamfanonin mai sun cika shi, kuma da yawa daga abokan aikina can suke, suka yi ta cewa in zo, nan ake haɗuwa da waɗanda za su yi maka rana. Kuɗin shekara fam 1,500 da 'yan kai, kuɗin shiga kuma daidai da na shekara guda, wanda ba a mayarwa ko gobe ka fita. Sai mamba ɗaya ya gabatar da kai, wani ya mara masa baya, sannan ka shiga layin jira, domin tun bayan korona a 2020 mutane suka dawo wa golf, layukan da suka mutu suka farfaɗo. Na je a Janairu kamar yadda aka ce. Ramuka huɗu a rufe, sauran kuma ƙafa tana nutsewa. Sannan ranar da na je ganin sakatare, ina tsaye a zaure da takarduna, wani mamba ya fito ya dube ni ya ce ai tasin da ya kira sai nan da rabin awa, me ya sa na zo da wuri. Na ce masa ni ma wurin sakatare na zo. Ya ba da haƙuri har fuskarsa ta yi ja, kuma ban riƙe shi ba, shekara 17 a ƙasar nan an ga abin da ya fi haka. Sai dai na tambayi kaina, nan ne zan riƙa zuwa in huta? Wurin da sai na sa rigar da ta dace na gyara murya kafin in shiga, ai ofis ke nan na biyu, kuma ni zan biya.

Na biyu ba zan daɗe a kansa ba. Na wani ɗan kasuwa ne, haɗe da otal. Babu kuɗin shiga, babu mai gabatarwa, yau ka cike takarda a intanet gobe ka fara. Amma mamba ba shi da ta cewa. Idan an sami baƙi masu biya da tsada ko taron kamfani, sai a ba su safiyar Asabar a ce ku jira. Idan gobe mai wurin ya ga filin zai fi kawo kuɗi in an yanka shi fuloti an gina gidaje, takarda kawai za a aiko maka. Da na nemi biya wata-wata kuma sai na ga ta hannun wani kamfanin bashi ake yi, da ruwa a kai. Nan na tsaya.

Na uku yana wani ƙauyen masunta, tafiyar minti 25 daga gidana tun da aka gama hanyar da ta zagaye gari a 2019. Ranar farko ban ga abin sha'awa ba. Ginin bai fi gidan mutum ba, rufin yana neman fenti, ba itace ko ɗaya, sai tuddan yashi da doguwar ciyawa da wata ƙaya mai furen ruwan ɗorawa wadda in ƙwallonka ta shiga sai dai ka yi mata addu'a. Iska kuwa ba a magana. Akwai ramin da ranar Talata za ka isa da bugu biyu, ranar Laraba huɗu ba su kai ka ba. Da bazara kuma wani hazo yana tasowa daga teku, suna kiransa har, fari fat kamar hazon hunturu a Katsina, sai dai shi da laima yake zuwa, ka daina ganin mutumin da ke gabanka. Amma a Janairu, bayan ruwan kwana uku, na zagaye ramuka 18 na dawo takalmina tas.

Kulob ɗin na mambobi ne, su suka mallaki filin, su suke zaɓen kwamiti a babban taron shekara. Wannan yana da daɗi, yana kuma da haɗari, domin in bashi ya taso a kanku yake. Saboda haka na roƙi ma'aji ya ba ni lissafin kuɗinsu na shekara uku, ya yi mamaki, ya ce ni ne na farko da ya taɓa tambaya, amma ya kawo. Maiɗakina, da yake aikinta ke nan, ta zauna da takardun dare biyu. Ta ce ba su da bashin banki, suna da ɗan abin da suka ajiye, amma bututun ban ruwa sun tsufa, kuma nan da 'yan shekaru dole a canza su, in ajiyar ba ta isa ba za a yanka wa kowane mamba nasa kaso. Ta kuma nuna mini cewa fiye da rabin mambobin sun haura 60. Na koma na tambayi ma'ajin duka biyun, bai ɓoye ba, ya faɗi abin da suke hasashen zai faɗo wa kowa. Na fi yarda da mai nuna mini inda ɗakinsa yake yoyo.

Sai maganar teku. Wannan ba wasa ba ce a gabar nan. A Montrose, inda ake buga golf tun 1562, teku tana cin filin shekara da shekaru har sun matsar da wasu wuraren bugu ciki. Guguwar Arwen a Nuwamban 2021 ta kayar da itatuwa ba iyaka a yankinmu, ta Babet kuma a Oktoban 2023 ta zo da ambaliya da igiyar ruwa. Na sami mai kula da ciyawar filin, wanda ya shekara 22 a wurin, ya ɗauke ni a 'yar motarsa ya kai ni ramuka biyu da ke bakin ruwa, ya nuna mini turakun da ya kafa yana auna abin da teku ta ci duk shekara, ya nuna mini kuma gonar da ke bayansu wadda kulob ya saya tun da daɗewa saboda ranar da za a matsa. Ni injiniya ne, mutumin da yake kafa turaku yana aunawa ya gama da ni.

Yanzu ga abin da Kawu yake jira, wato addini. Abu uku na duba. Na farko giya. Kowane kulob a ƙasar nan yana da wurin sha, kuma da yawa suna sa mamba ya zuba wani kuɗi a kati tun farkon shekara don a kashe a ciki. Na tambaya ko kuɗin yana sayen abinci da shayi, aka ce yana saye. Ɗakin cin abincin daban yake da kantar giyar, kuma da rana yawancin tsofaffin shayi da miya suke sha, tunda kowa tuƙi zai yi, dokar tuƙi da giya a Sikotland kuma ta fi ta Ingila tsanani tun 2014. Akwai wata miyar kifi mai hayaƙi da dankali da madara da ake kira Cullen skink, ita nake sha. Burodin garin nan da ake kira rowie kuwa sai an tambaya, domin asalinsa da kitsen alade ake yi.

Na biyu caca. Al'adarsu ce ranar Asabar kowa ya jefa fam ɗaya ko biyu a kwano, wanda ya yi bajinta ya kwashe, ko mutum huɗu su sa fam ɗaya-ɗaya tsakaninsu. Su ba sa ganinsa a bakin komai. Na tambayi malaminmu a masallaci, ya ce ƙanƙantar kuɗin ba ta canza sunan abin ba. A kulob na farko kuɗin kwanon a haɗe yake da kuɗin shiga gasa, kwamfuta ce take cira. A wannan kuwa na ganin dama ne. Na faɗa wa waɗanda nake fita da su tun ranar farko cewa ni ba na sa kuɗi, ɗayansu ya ce to madalla, dama mahaifiyarsa 'yar coci ce mai tsanani, ita ma haka ta hana su. Ba a sake tayar da maganar ba.

Na uku salla. Da bazara ba matsala, lokaci a buɗe yake. Da hunturu ne azahar da la'asar da magariba suke taruwa cikin awa uku da 'yan mintoci, azahar sha biyu da 'yan mintoci, la'asar kafin ɗaya da rabi, magariba kafin uku da rabi. In ka fita ƙarfe 10 dole lokaci ya same ka a fili ko kana shigowa. Na tambayi matar da take riƙe da ofis ko akwai inda zan ɗan tsaya minti biyar. Ta ɗauko makulli ta buɗe mini ɗakin da kwamiti yake zama, ta ce ba mai shiga sai daren Litinin, ta tambaye ni ko akwai abin da za a cire daga bango. Mako biyu bayan haka na tarar an matsar da teburin gefe guda. Ban tambayi wanda ya matsar ba.

Auta ce ta ƙarasa yanke hukuncin. Shekararta 13, kuma ta fi ni iya riƙe sanda. Ku sani ba da daɗewa ba ne wasu manyan kulob na ƙasar nan suka fara karɓar mata: na St Andrews sai a 2014, Muirfield kuma sai a 2017, bayan an cire su daga jerin masu karɓar gasar Open saboda sun ƙi a 2016. Doka ta gyaru, amma a wasu wuraren har yanzu za ka ga an tura mata da yara can bayan azahar. A nan yara suna da awarsu safiyar Lahadi da malami, kuɗin shekararsu bai kai na takalmin makaranta biyu ba, kuma 'yan mata bakwai ne a ajin. Wata tsohuwa ta ga bugunta ta kira ta gefe ta ba ta labarin Gemma Dryburgh, haifaffiyar Aberdeen da ta ci babbar gasa a Japan a 2022, da Paul Lawrie ɗan garin nan da ya ci Open a 1999 bayan an ba shi ratar bugu 10 a ranar ƙarshe. A mota muna dawowa yarinyar nan ba ta yi shiru ba har gida. Da dogon wando da ɗankwalinta take bugawa, ba wanda ya ce uffan, iska ma ta sa kowa a rufe yake.

Kuɗin shekara fam 820 ne na mai buga kwana bakwai. Akwai na kwana biyar mai rahusa, amma na 'yan ritaya ne, mai aiki Asabar yake nema. Kuɗin shiga fam 600, an yarda in biya cikin shekara uku, kulob ɗin da kansa yake karɓa ba ruwa a kai. Na san wasunku sun riga sun ɗauko waya suna bugawa da naira, kuma tun da aka saki naira a 2023 duk abin da aka buga sai ya ba da tsoro. Ku raba shi gida 52 tukuna, ku kuma tuna a nan cin abincin rana ɗaya a gari fam 15 ne.

Yaya, yanzu da kai nake. Na san ba kuɗin ne ya dame ka ba. Kai ka fara gane abin da kuɗin shiga yake nufi, shi ya sa ka yi shiru a waya. Mutum ba ya biyan abin da ba a mayarwa, ya raba shi shekara uku, ya zauna yana lissafin bututun da za a canza nan da shekara biyar, in yana shirin tattara kaya baɗi. Da na taho a 2008 cewa na yi shekara biyar. Da farashin mai ya faɗi a 2014 aka yi ta sallamar mutane a garin nan, na ce in ta zo kaina sai gida, Allah bai kawo ta ba. Tun daga nan duk shekara ina ce maka saura biyu. To gaskiyar ita ce auta ba za ta gama sakandare da jami'a ba sai nan da shekara tara ko goma, kuma ba zan bar ta ita kaɗai ba, ba kuma zan cire ta a tsakiya ba. Aikin mai a Tekun Arewa yana ja da baya, kowa ya sani, in ya ƙare kafin lokacin zan nemi wani a nan. Saboda haka ina nan har wannan lokaci in da rai, kuma na gaji da zama kamar mai jiran mota a tasha, jaka a hannu. Na fi so ka ji wannan a fili da in ci gaba da ce maka saura biyu.

Wannan bai taɓa komai na gida ba. Kuɗin Inna na wata yana nan yadda yake, na makarantar yaran marigayi yana nan, rufin gidan kuma za a ɗora bayan damina kamar yadda muka yi da kai, ka ce wa magini ya aiko da lissafin kwano da katako. Zuwa kuma duk shekara ne in Allah Ya yarda, bana da babbar salla muke sa rai, mu duka. In ka ga akwai abin da ban duba ba, ka faɗa mini, ka san ba na ƙetare maganarka.

An karɓe ni a zaman kwamiti na watan jiya. Dattijon da ya ba ni shawarar Janairu shi ya gabatar da ni, mai kula da ofis ta samo wanda ya mara baya, wani tsohon matuƙin jirgin kamun kifi da muka buga sau biyu tare. Sun ba ni akwatin ajiye kaya mai lamba 114 da ɗan littafin gasannin shekara. Gasar farko Asabar ta farkon Afrilu ce, an sa ni fita ƙarfe 9 da minti 20 tare da matuƙin jirgin da wani malamin makaranta mai ritaya. Matuƙin yana magana da harshen mutanen gabar nan da ake kira Dorik, wanda ko Turawan Landan ba sa ganewa, rabin abin da yake faɗa nake kamawa, sauran in ce to. Ya ce zai koya mini buga ƙwallo ƙasa-ƙasa yadda iska ba za ta ɗauke ta ba, ni kuma in kawo masa irin shayin da ya ɗanɗana a fulas ɗina.

Saboda haka duk mai tahowa a cikinku ya riƙo mini kayan shayi, citta da kanumfari da masoro, da yajin ƙuli in an samu. Kilishi kam kada a wahalar da kai, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za a karɓe. Ƙanina da ke Manchester, in ka shigo da bazara akwai sandunan aro, mamba yana da damar shigo da baƙo a farashi mai sauƙi, sai dai ka zo da rigar iska ko da a Yuli ne.

A gaida Inna da kyau, a ce mata sukarin ya sauka, likita ya ce ba sai an fara magani ba. A gaida Goggo a faɗa mata ba a kiɗa a wurin. A gaida Kawu, da su Yaya mata, da yara baki ɗaya, da mutanen majalisar ƙofar gida. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naku,
daga Aberdeen.